Injiniyan da ya ƙi ɗora mana bene

Tun da aka buɗe sabon ginin makarantarmu malaman wasu makarantu suke tare ni, a gidan biki ko wajen makin jarrabawa: wa ya yi muku, nawa ya ci, mu ɗauke shi ko kuwa? Na ƙi cewa uffan sai da ginin ya sha zafin bazara, ya ga damina, ƙurar hunturu ta bi ta kansa. Gini ranar buɗewa amarya ce ranar kai ta ɗaki, ba mai ganin aibunta. Yanzu shekara ta zagayo, zan faɗi abin da na gani. Sunansa da na makarantar zan ajiye su, don akwai inda zan taɓa shi.

Lissafi nake koyarwa a ƙaramar sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a gefen Kano, shi ya sa kwamitin gini suka ɗora mini littafin kuɗi. Tun 2019 da gwamnatin jiha ta ayyana ilimi kyauta kuma dole yara suke kwararo mana, ga gonakin da na sani a bayan katanga duk an yanka su filotai an gine. Ƙa'idar ilimi ta ƙasa ba ta yarda malami ɗaya ya riƙe fiye da yara 40 ba. Ni kuwa rajistar ajin da nake riƙewa ta haura ɗari. Kafin in gama kiran suna an ci kwatan darasi, waɗanda ke zaune a ƙasa kuma sun matso har gindin allo, sai in tsaya a kusurwa ɗaya ina rubutu kamar wadda aka kafe.

Da tsofaffin ɗalibai da iyaye da wani bawan Allah suka haɗa kuɗi, shawararmu mai sauƙi ce: a yaye rufin tsohon gini mai aji uku, a zuba dekin, a ɗora uku a sama. Mutum biyu suka kawo farashi a kan haka ba gardama. Na ukun ya zo da lebura ɗaya da diga, ya sa aka haƙa jikin bango. Ramin bai kai gwiwa ba tushen ya ƙare, kuma babu ginshiƙi ko ɗaya a kusurwa. Ya kaɗe hannunsa ya ce, "Malama, wannan da kyar yake ɗauke da kansa. In bene kuke so a kai ku nemi wani, ba da hannuna ba." Shugaban kwamiti ya ce salon ƙara kuɗi ne kawai. A raina ni ma haka na ce. Shugabar makaranta ce ta dage, aka ba shi aikin sabon gini daga tushe, aji uku ƙasa uku sama, a filin da yara ke wasan gaɗa.

Muna tsakiyar aiki, a watan Yuli 2024, benen wata makaranta ya rufta a Jos yara na cikin aji, aka rasa rai 22. Washegari shugaban kwamiti ya zo ya tsaya bakin ramin nan da ba a gama cikewa ba, ya daɗe yana kallonsa. Bai sake tayar da zancen ba.

A kan abin da ido ba ya gani, ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Sai da ya kai wa KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, zanen ginin aka buga hatimi kafin a sa diga. Bulo kuwa, tifa ta farko da aka kawo ya ɗauki ɗaya ya sake shi daga ƙirji, ya watse kamar tsohuwar alkaki, ya ce a mayar. Daga nan a harabar makaranta aka buga namu, mai inci tara, ana ba shi ruwa safe da yamma. Rodi da kansa yake aunawa, don a kasuwa ana sayar da siriri da sunan mai kauri, kuma in ba ka san aikin ba sai ka biya kuɗin mai kaurin milimita 16 a ba ka abin da bai kai ba. Da aka zuba dekin ya hana a cire katakon tokara sai bayan sati uku, kullum 'yan ga-ruwa na jiƙa shi. Kuɗin ruwan nan kaɗai shafi guda ya ci a littafina, har na yi masa ƙorafi. Ya ce kankare ba bushewa yake yi ba, nuna yake yi, in ka bar shi da ƙishi a ranar Kano tsagewa zai yi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya zaunar da ginin. Mu so muka yi ya bi layin katanga don ya yi kyau daga titi. Shi ya juya shi, tagogi suna duban kudu da arewa, gajeren bango marar taga ya ba gabas. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san hadari daga gabas yake tasowa. A tsohon gini da ruwa ya sauko sai mu kwashe layi biyu na yara daga jikin taga. A sabon, damina guda ba mu ɗaga benci ba, rana kuma ba ta faɗo wa yara a kan littafi da safe. Ajujuwan ƙasa ko a Afrilu ana iya zama.

To, sai maganar lokaci. Mun fara a Nuwamba 2023, ya ce wata shida. Wata goma sha ɗaya muka yi. Wani ɓangaren ba laifinsa ba ne: buhun siminti da muka yi lissafi a kan naira 5,000 da ɗoriya ya haura 10,000 a Fabrairu 2024, rodi ma ya bi shi, aiki ya tsaya muna neman ciko. Ƙarin da ya nema ya kawo rasiti a kan kowane, na bi su ɗaya bayan ɗaya, ban kama shi da sisi ba. Amma mutumin ba ya ɗaga waya. Yana da aiki uku a lokaci guda, sai ya ɓace kwana goma, birkiloli na zaune ƙarƙashin darbejiya suna jiran ya zo ya duba linta, kuma ba ya yarda a ci gaba bai gani ba. Sau biyu ina hawa Adaidaita Sahu zuwa wani aikin nasa don in same shi. In ya gan ni sai ya yi dariya ya ce, "Malama, kin kamo ni."

Da aka zo ƙarashe sai hankalinsa ya bar wurin, kamar abin ba ya gabansa. Kafintan da ya kawo ɗanyen katako ya yi mana benci da shi, kafin hunturu ya fita sun karkace, ƙusoshi sun leƙo suna yage wa yara hijabi. Allon siminti an shafe shi da fenti mai sheƙi, na gefe ba sa ganin komai sai walƙiya, da kuɗinmu muka sake. Ajujuwan sama kuma ya yi musu rufin kwano ƙasa-ƙasa da silin na roba. Daga ƙarfe sha biyu a bazara yaran sun zama kamar kaji a akurki, ni kaina alli na jiƙewa a hannuna. Da ya ɗaga bangon da layin bulo biyu, ya bar ƙofofin iska a sama, da an samu sauƙi. Na gaya masa, ya amsa cewa gaskiya ne, amma kuɗi sun riga sun ƙare.

Banɗaki laifinmu ne mu duka. Aji shida muka ƙara, ba mu ƙara ko rami ɗaya ba, a makarantar 'yan mata masu shekara goma sha biyu zuwa sha biyar. Mu mata biyu ne a kwamitin kuma ba mu tayar da maganar da ƙarfi ba, wannan yana damuna har yau. Amma shi da ya san gaya mana gaskiya a kan tushe, ya kamata ya faɗa mana a kan wannan ma.

Mai son ɗaukarsa ya shirya kuɗi, don ya fi sauran tsada, ya kuma nemo kafintansa da mai fentinsa daban. Ya sa a rubuta a takarda cewa za a riƙe wani kaso na kuɗin sai bayan damina. Mu mun riƙe, shi ya sa da rufi ya yi yoyo a kusurwar aji na ƙarshe kwana biyu aka zo aka gyara.

Saura matattakala. Guda ɗaya ce, faɗinta bai fi mutum biyu ba, kuma yara sama da 200 ke saukowa ta nan in an kaɗa ƙararrawar tara. Yanzu aji-aji muke sallamarsu, malama ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ƙarfen riƙewa ya fara girgiɗi tun zangon da ya wuce, na ɗaure shi da waya. Mun yi magana da shi a kan a ƙara ta ƙarfe ta waje a ɗaya gefen, ya zo ya auna, ya ce ranar Litinin zai turo mai walda. Litinin uku ke nan.