Nebulaiza ta aljihu: me za ta yi wa muryar mai barkwanci a Legas?

Mai barkwancin nan-take, wanda ba ya hawa dandamali da rubutaccen labari, ya fi kowa wahalar da maƙogwaronsa. Cikin minti biyar zai zama tsohuwa mai faɗa, ya koma kwandastan danfo yana kiran Oshodi, ya rikiɗe Alhaji mai kaurin murya, duk yana gasa da janareto da lasifikar mai kiɗa. Daga Disamba zuwa Janairu, lokacin da bukukuwa suke cunkushewa a Agege, Idi-Araba da Obalende, ƙurar hunturu ma tana sauka. Shi ya sa ƙaramar nebulaiza mai raga, wato na'urar da ke mayar da ruwa hazo a shaƙa, wadda aka sani da masu asma, ta dace da jakar mai wasa.

Ruwan da ka sha ba ya taɓa tantanin murya, ta hanyar abinci yake wucewa, sai jiki ya tsotse shi kafin amfaninsa ya iso. Ita kuwa na'urar tana tura ruwa ta wata raga mai ƙananan huji, ya fito kamar hazo, ka shaƙe shi ya sauka kan tantanin kai tsaye. Tantanin namiji yana kaɗawa sama da sau 100 a daƙiƙa, na mace kusan 200. Idan ya bushe, sai an ƙara ƙarfi kafin sauti ya fito, kuma wannan ƙarin ƙarfin ne yake kai mutum ga dishewa.

Abin da ake zubawa ɗaya ne: ruwan gishirin asibiti mai kashi 0.9 cikin ɗari, mililita 3, wanda yake ƙarewa cikin minti 10 zuwa 12. Sau ɗaya kafin wasa, sau ɗaya bayan an dawo gida. A sayi ƙananan robobi masu mililita 5 a kyamis, waɗanda ake fasawa a yar. Babbar ledar ƙarin ruwa ta fi araha, amma da zarar an huda ta ƙwayoyin cuta sun samu ƙofa, kuma huhu za su nufa. Ruwan leda da na famfo ba su da wuri a nan. Masu ɗiga Robb ko man zafi a ciki kuwa ɓarna biyu suke yi: mai yana toshe raga, kuma ba abin shiga huhu ba ne. Wannan ba sirace ba ne.

Na'urar ta fi tukunyar sirace sauƙin ɗauka. Ba ta da ƙara, ba ta jiran wutar lantarki, irin ta kamfanin Omron batir biyu ƙanana take ci, kuma ana iya amfani da ita a kujerar baya ana cikin cunkoson gadar Third Mainland. Rauninta ragar ce. Gishiri yana bushewa a cikin hujin, hazon ya ragu har ya tsaya. Bayan kowane amfani a wanke kofin, a zuba tafasasshen ruwa da ya huce, a kunna na minti ɗaya, a bar shi ya sha iska. Kada a sa allura ko farce. Na'urori marasa suna da ake samu a Idumota da intanet suna aiki, amma kafin ka biya ka tambaya ko ana sayar da kan ragar shi kaɗai, domin shi ne yake fara mutuwa. Kuma ba a karɓa-karɓa da bututun baki tsakanin 'yan ƙungiya, komai zumunci.

Inda na fi jin tsoronta shi ne sauƙin da take kawowa. Maƙogwaro ya yi laushi, sai mutum ya karɓi biki na uku a rana ɗaya. Na'urar tana maganin bushewa ne kawai. Ba ta sauke kumburi, ba ta biyan bashin barci, ba ta dawo da kaifin ƙwaƙwalwa. Alamar mai barkwanci ya gaji ta fi bayyana a kan dandamali: ya daina sauraron abokin wasansa, ya koma kan tsohuwar muryar da ya san tana ba da dariya, ya sauka yana jin haushin masu kallo. Maganin wannan rana guda ce a mako babu wasa babu atisaye, da sharaɗin makirfo mai aiki kafin a karɓi kuɗin kafin alƙalami.

Ranar hutun murya a yi shiru ko a yi magana a hankali, ban da raɗa, domin raɗa tana matse maƙogwaro. Tom Tom sanyi kawai take sa ka ji, ta ɓoye zafin da ya kamata ya tsayar da kai. Tsire da yaji da shayin ƙarfe ɗayan dare, sannan a kwanta, suna tayar da ruwan ciki ya ƙona maƙogwaro. A bar awa uku tsakanin ci da kwanciya.

Mai wasa sau biyu ko fiye a mako zai ci moriyar kuɗinsa. Mai asma ya fara tuntuɓar likitansa. Dishewar da ta wuce mako uku kuma ta likitan kunne, hanci da maƙogwaro ce, akwai su a asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, inda za a leƙa tantanin da kyamara.