GARGAƊI: Naira dubu 850 na biya na sayi takardar aiki ta bogi a Kano

Assalamu alaikum jama'a. Sau huɗu ke nan ina rubuta wannan abu ina gogewa saboda kunya. Yau dai na ce ko me za a faɗa a faɗa. An damfare ni naira dubu 850 da sunan za a samar mini aikin gwamnatin tarayya. Dubu 850. Kuma ba wani ɗan intanet ba ne ya turo mini saƙo daga wata ƙasa. A nan cikin Kano ne, ido na ganin ido, mutumin da muka yi sallar Magariba kafaɗa da kafaɗa.

Kafin wani ya fara rubuta mini cewa kwaɗayi mabuɗin wahala, ya tsaya ya ji tukuna. Ni ba yaro ba ne. Shekarata 33, na gama BUK a 2017, na yi bautar ƙasa, na yi shekara biyar ina riƙe da sito a wata masana'antar roba a Sharaɗa. Lissafin kayan miliyoyi ya bi ta hannuna, ko bokiti ɗaya bai taɓa ɓata ba. Ni ne wanda 'yan unguwarmu ke kawo wa saƙon waya su ce duba mana ko na 'yan damfara ne. To ni ɗin ne aka yi wa.

Kowa ya san abin da ya faru tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023. Litar da farashinta na gwamnati bai kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Dala ta wuce 1,500 a farkon 2024, mu kuwa kayan da muke narkawa da dala ake sayo su. Sai ga ƙarin kuɗin wuta a Afrilun 2024, ga dizal. Injina uku muke kunnawa, muka koma ɗaya. A watan Yuni aka kira mu 14 aka ce mu yi haƙuri, aka ba ni sallamar dubu 240. Ban zargi mai kamfanin ba, shi ma ruwa ne ya ƙare wa ɗan kada. Daga nan na shiga neman aiki. Na buga takarduna a shagon kwamfuta har mai shagon ya haddace sunana. Na je Bompai, na je Challawa, ko'ina maigadi ne ke tare ka a ƙofa ya ce su ma ragewa ake yi. Na karɓi adaidaita na balas wata uku, in ka cire mai ka cire balas, abin da ya rage ko cefanen rana bai kai ba. Ga mata, ga yara biyu, ga haya.

A wannan hali abokina na ƙuruciya, wanda muka yi makarantar allo tare, ya ce mini akwai wani Alhaji da ke da hanya a Abuja. Wai shi ya samar wa surukinsa aiki. Wai ba ɗaukar aiki na talla ba ne, cike gurbi ne: wani ya mutu ko ya yi ritaya, sai manya su raba guraben a tsakaninsu, su kuma su sayar. Mataki na 8, tunda ina da digiri.

Ga wurin da nake ta komawa a raina, dare da rana. Mun haɗu da shi bayan Magariba a wani masallaci wajen Zoo Road. Dattijo ne, furfura a gemu, shadda fara tas, carbin nan na dannawa a yatsa. Muka zauna a motarsa. Na ɗauko ambulan mai dubu 20 da na tanada na goro, na miƙa masa hannu biyu. Wallahi sai ya ture hannuna. Ya ce, "A'uzubillahi. Ɗana, mai da kuɗinka aljihu. Kai da ba ka da aiki zan karɓi kuɗinka? Ni don Allah nake yi, abin da za ka biya na mutanen Abuja ne, ko sisi ba nawa." Ya tambayi sunan mahaifina, ya yi masa addu'a da na ce ya rasu. Da zan fita sai ya zaro naira dubu 2 ya ce in hau adaidaita. Na ce a'a Alhaji, ya ce, "Ka raina ne?" Na karɓa.

Dubu 2. Sababbi, 'yan dubu-dubu guda biyu. Na koma gida ina gaya wa maman yara cewa har yanzu akwai mutanen kirki a duniya. Ku gaya mini, wane ɗan damfara ne ke ƙin kuɗi ya kuma ba ka na mota? Da ya karɓi ambulan ɗin nan a ranar, wallahi da na yi taka-tsantsan. Ture hannun nan ne ya kashe ni. Dubu 2 ya zuba, ya kwashe dubu 850.

Dubu 20 ɗin da ya ƙi karɓa kuwa, bayan kwana uku wani yaronsa ya karɓe su a matsayin kuɗin fom da buɗe fayil. Ban ma lura cewa adadin ɗaya ne ba sai yanzu da nake lissafi.

Sai dubu 300 na farko, a cikin azumi. A'a, kafin azumi ne da kwana biyu, domin na tuna na ce wa maman yara bana sai dai mu yi azumi da abin da ya samu. Kuɗin sallamata ne dubu 240 da na hana kaina taɓawa wata takwas, ko da yaro ya yi zazzaɓi rance na ci ban taɓa su ba, sai dubu 60 na adashenta. Lambar asusun da ya turo ba sunansa ba ne, sunan wata mace ne. Na tambaya. Kada ku ce ban tambaya ba, na tambaya. Ya ce sakatariyar darakta ce, manya ba sa karɓar irin wannan kuɗi a asusunsu saboda masu bincike. Maganar ta shiga hankali. Ai kowa ya gani a 2023 lokacin da kwamitin majalisar wakilai ya zauna yana binciken sayar da guraben aiki a hukumomin tarayya, mutane suka fito gaban kyamara suka ce sun biya miliyan ɗaya, wasu fiye. Abin da ake yi ne a ƙasar nan. Ƙaryar tasa kama take da gaskiya, shi ya sa ta shige ni. Har ina ganin an yi mini sauƙi da aka ce dubu 650 ne duka.

E, dubu 650 muka yi da farko. Yadda ta zama 850 yana tafe.

Duk ranar Juma'a sai ya kira ni. Ba ni ke kira ba, shi ke kira. "Ɗana, ya iyali? Ya Hajiya? A ci gaba da addu'a, fayil ɗinka na kan teburin mai gida." Ranar ƙaramar sallah har barka da sallah ya turo wa yarana, dubu 1. To a haɗa, dubu 3 ke nan ya kashe a kaina.

Bayan sallah da kamar mako biyu, da daddare, takarda ta shigo ta WhatsApp. Takardar kama aiki, da tambarin Najeriya na dawakai biyu da mikiya a sama, da lamba, da hatimi, da sa hannu da koren biro, da sunana cikakke. Na yi sujada a tsakar gida. Maman yara ta yi kuka. Ya ce ainihin takardar ba za ta fito ba sai an cika dubu 350 kafin Litinin, in ba haka ba akwai ɗan wani sanata da ke jiran gurbin. Ba ni da ko dubu 10. Ita da kanta ta shiga ɗaki ta ɗauko 'yan kunne da sarƙar gwal ɗinta na aure, waɗanda mahaifiyarta ta saya mata, ta ce, "Baban yara, je ka sayar, in ka fara ɗaukar albashi ka saya mini wasu." Ni na kai su wajen masu gwal, na tsaya ana ɗora su a kan sikeli. Dubu 350, shi ma asusun matar nan.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin wannan na je wajen wani malaminmu na tambaye shi hukuncin abin. Bai ɓoye mini ba, ya ce sayen aiki cin hanci ne, kuma haƙƙin wani ake dannewa. Na fita ina cewa a raina malam bai san halin da nake ciki ba. Wannan laifina ne, na ɗauka. Amma ku sani da wannan kunyar mutumin yake cin kasuwarsa. Ya san wanda ya sayi aiki ba zai so ya je ya tsaya gaban hukuma ya ce na ba da cin hanci an cinye ba.

Na ƙarshe dubu 180 ne, wai na shigar da ni IPPIS, tsarin biyan albashin tarayya, a ɗauki hoton yatsuna a sa ni a jerin masu albashi har da bashin wata uku. A nan na ɗan yi gardama, na ce Alhaji ai dubu 650 muka yi. Sai ya yi shiru, ya ce, "Ɗana, in ka fara zargina, gobe ka zo ka karɓi kuɗinka duka, in ba wani." Muryarsa ta nuna ransa ya ɓaci. Ni na koma ina ba shi haƙuri. Ni! Ina ba ɓarawona haƙuri. Ragon da Hajiyarmu ta yi wata bakwai tana kiwo a soro don layya, shi aka sayar. Ita ta ce a sayar. Ta ce layya ta shekara-shekara ce, aiki kuwa na rayuwa.

20, da 300, da 350, da 180. Dubu 850. Ban sa kuɗin motar Abuja ba.

Ranar Lahadi na hau mota a Unguwa Uku, na kwana a wajen wani ɗan unguwarmu mai sayar da shayi a Mararaba. Litinin tun bakwai na safe ina bakin ginin da ya ce, da sabuwar riga da fayil a hannu. Ya ce in tsaya a waje wani zai fito ya shiga da ni. Takwas, tara, goma. Na kira, ya ce suna ganawa. Sha biyu na kira, waya a kashe. A gindin bishiyar da na fake na lura da wasu masu irin fayil ɗina, mu bakwai. Akwai wata yarinya daga Jigawa da mahaifinta ya rako ta, tsoho, da ledar dabino a hannu wai zai ba wanda ya taimaka musu. Hira ta kai mu ga nuna wa juna takardu. Lambar da ke saman takardata ita ce a saman tata. Ita ce a ta sauran biyar ɗin. Suna kawai aka canza.

Wani ma'aikaci da ya fito sallar Azahar ya duba mana, ko minti ɗaya bai yi ba. Ya ce wanda aka sa sunansa a ƙasan takardar ya daɗe da barin wurin, kuma adireshin saƙon da ke jiki na Gmail ne, alhali na gwamnati da gov.ng yake ƙarewa. Na sani. Wallahi na san wannan, ni ke gaya wa mutane. Amma ranar da takardar ta zo ban duba ƙasanta ba, sunana kawai na gani. Tsohon nan ya zauna a ƙasa ya cire hularsa, bai ce komai ba. Gona ya jinginar.

Na dawo Kano na je masallacin Zoo Road ɗin, aka ce ba a san shi ba, baƙo ne da ya yi 'yan makonni yana zuwa. Abokin nawa kuwa ya rantse da Alƙur'ani shi ma dubu 400 aka ci masa na ƙaninsa. Na ce surukin naka da aka samar wa aiki fa? Ashe bai taɓa ganin takardar albashinsa ba, shi ma ji ya yi. Har yanzu ban san ko in yarda da shi ba. Muna gaisawa dai.

Na je banki, sun ce kuɗin ba sa kwana, a ranar ake zare su ta wajen masu POS, kuma sai da takardar hukuma za su iya yin wani abu a kan asusun. Na cije na kai ƙara, mu huɗu cikin bakwai ɗin muka haɗu, sauran sun ce kunya ba za ta bar su ba. Ina da rasit na duk tiransifa uku, ina da hirarmu ta WhatsApp tun daga ranar farko, ina da muryarsa guda 11 yana ce mini ɗana, ina da takardar bogin. Zan ɗora hotunan da zarar wanda ke bin mana maganar ya ce in ɗora, ya ce kada in saki lamba da sunan asusun yanzu. Masu cewa ƙirƙira na yi, ku jira.

Shawara kuwa gajeriya ce. Kada ka biya kowa ko kwabo don aikin gwamnati, fom ɗinsa kyauta ne. Asusu da sunan wani, gudu. In an turo maka takarda, ka kai ta ofishin da kanka kafin ka sayar da ko kaza. Wanda kuma ya san ya haɗu da dattijon da ke ƙin karɓar goro yana ba da kuɗin adaidaita, ya yi mini magana ta akwatin saƙo.

Maman yara ta sani, tun a mota na kira ta. Ba ta ce mini komai ba har yau, abin da ya fi damuna ke nan, da ma ta yi faɗa. Hajiya ce ban gaya wa ba. Na ce mata an ɗage kama aikin zuwa wani wata. Jiya da na je gaishe ta tana shara a soron da ragon yake, ta ce mini, "Ka kira Alhajin nan ka gaishe shi kuwa? Kada ka zama mara godiya."