Daga Esposito zuwa Musa: yadda sunan gida ke tafiyar da takardu a Italiya

A ƙofar gidajen bene a nan Italiya akwai wani allon ƙarfe mai maɓallan ƙararrawa a jere, kowane maɓalli da suna a gefensa. Wasu sunayen an zana su a kan tagulla, wasu kuma 'yar takarda ce aka manna da salatif, rana ta cinye tawadar. Abin da ke rubuce a wurin shi ne cognome, wato sunan gida da ake gada daga kaka da kakanni. Idan a Napoli kake, da wuya ka karance allon ba ka ci karo da Esposito ba, wani lokaci har gida biyu a bene ɗaya, alhali ko a mafarki ba su haɗa jini ba.

Sunan ya fi kowane yawa a birnin Napoli da yankin Campania, a duk faɗin ƙasar kuwa yana biye da Rossi da Russo da Ferrari. Waɗannan ukun Bahaushe ba zai sha wahalar gane su ba. Rossi da Russo daga kalmar ja suke, Jatau ke nan. Ferrari maƙeri ne. Mancini Bahago, Longo Dogo, Basso Gajere. Romano da Napolitano kamar a ce Bakano ko Bakatsine, De Luca kuma ɗan Luka. Bambancin kawai shi ne a wurinmu laƙabi yana mutuwa da mai shi, su kuwa nasu ya daskare tun bayan taron cocin Katolika na Trento da aka kammala a 1563, wanda ya wajabta wa limaman coci rubuta baftisma da aure a littafi. Jikan jikan Mancini da hannun dama yake cin abinci, amma Bahago yake amsawa.

Esposito dabam yake, domin ba uba ne ya bar wa 'ya'yansa shi ba. Daga kalmar Latin expositus ya fito, wanda aka ajiye a waje, yasasshe. A unguwar Forcella da ke tsohon garin Napoli akwai gidan marayu na Annunziata, wanda aka kafa tun ƙarni na 14. A jikin bangonsa ta bakin titi aka huda wata 'yar taga mai kusurwa huɗu, a bayanta akwai wani ganga na katako mai juyawa da suke kira ruota. Uwa takan zo da dare ta sa jariri ta tagar, a juya gangar, matan da ke kwana a ɗakin su ɗauke shi ta ciki, ba ta ga fuskarsu ba, ba su ga tata ba. Sai a rubuta a littafi ranar da sa'ar da ya shigo, da irin tsumman da ke jikinsa, da duk abin da aka haɗo shi da shi. Sau da yawa rabin tsabar kuɗi ne ko rabin hoton waliyyi, uwar ta riƙe ɗaya rabin ko Allah zai sa wata rana ta samu halin dawowa. A rataya masa igiya a wuya da dalma mai lamba, a rubuta masa Esposito. Mutanen gari 'ya'yan Madonna suke kiransu, wato 'ya'yan Maryamu mahaifiyar Annabi Isa.

A 1811 Joachim Murat, mijin ƙanwar Napoleon, kuma sarkin Napoli a lokacin, ya hana a ci gaba da laƙaba wa tsintattun yara wannan suna, don tambari ne da ke bin mutum har kabari. Daga nan ma'aikata suka koma ƙirƙiro sunaye. An toshe tagar a 1875, har yau tana nan ana zuwa kallo, an kuma soke tsarin a ƙasar baki ɗaya a 1923. Kowane gari da nasa salon: Proietti a Roma, Innocenti a Firenze, Degli Esposti a Bologna, Trovato a Sicilia, a Milan kuma Colombo, saboda kurciya ce tambarin asibitin da ke karɓar yaran. Mai sunan Esposito a yau yana da uwa da uba da kakanni sanannu, abin ya wuce da ɗaruruwan shekaru. Duk da haka ba abin da za ka tsokani abokin aiki da shi ba ne, ko da kun saba.

Wani abin lura a tarihin gidan shi ne labarin Vincenzo Gemito, shahararren mai sassaƙa, da aka ajiye a tagar a 1852. Genito aka sa masa, magatakarda ya yi kuskuren harafi ɗaya wajen kwafa, ya zama Gemito har ya koma ga Mahaliccinsa. Irin wannan kuskuren ne ke cin mutanenmu a yau.

Mu a gida sunan mahaifi muke jonawa da namu, ɗanmu kuma ya jona namu, kowane ƙarni sunan ƙarshe ya canja. Wasu garinsu suka ɗauka tun a rajistar makaranta, kamar Aminu Kano da Shehu Shagari. Mutum ɗaya sai ka ga Muhammad a takardar haihuwa, Mohammed a fasfo, Moh'd a takardar makaranta, kuma ba wanda ya damu, tunda kowa a unguwa ya san ɗan gidan wane ne. In abin ya tsananta a je kotu a yi takardar rantsuwa, a buga sanarwa a jarida, a kai hukumar katin ɗan ƙasa a gyara. A nan babu wannan sassaucin. Abin da ke layin sunan gida a fasfonka shi ne cognome ɗinka, ko sunan babanka ne ko na garinku, kuma daga shi ake gina lambar da komai ke rataye a kanta.

Lambar ita ce codice fiscale. Hukumar haraji, Agenzia delle Entrate, ke bayar da ita kyauta, kuma in babu ita ba ka sayen layin waya, ba ka buɗe asusun banki, ba ka sa hannu a takardar haya ko ta aiki. Gurbi 16 gare ta. Uku na farko daga sunan gida ake ciro su, baƙaƙe uku na farko. In ba su kai ba a cika da wasula, in har yanzu da saura a sa X. Esposito ya ba da SPS, Rossi RSS, Musa MSU. Uku na biye daga sunan yanka suke, sai dai a nan akwai wata 'yar dabara: idan baƙaƙen sun kai huɗu, na ɗaya da na uku da na huɗu ake ɗauka. Ibrahim ya zama BHM, Abubakar BKR. Sai lambobi biyu na ƙarshen shekarar haihuwa, sai harafin wata (A Janairu, B Fabrairu, C Maris, D Afrilu, E Mayu, H Yuni, L Yuli, M Agusta, P Satumba, R Oktoba, S Nuwamba, T Disamba), sai ranar haihuwa, mace a ƙara mata 40. Gurbi huɗu na gaba na wurin haihuwa ne. Ɗan Italiya garinsa ake sa masa, Napoli F839, Roma H501, baƙo kuwa ƙasarsa: Nijeriya Z335, Nijar Z334, Ghana Z318. Harafin ƙarshe kwamfuta ke lissafo shi daga sauran.

A ce Ibrahim ne, sunan gida Musa, an haife shi a Nijeriya ranar 5 ga Maris 1990. Lambarsa za ta fara da MSUBHM90C05Z335. Idan ma'aikaci ya juya sunayen, ya ɗauki Ibrahim a matsayin sunan gida, sai ta koma BRHMSU90C05Z335, a idon kwamfuta wani mutum ne dabam. Haka Muhammad a sunan yanka MMM yake bayarwa, Mohamed mai m ɗaya a tsakiya kuma MMD. Wanda ya samu lamba ɗaya a ranar da ya iso, wata kuma bayan ya sabunta fasfo da sabon rubutu, kuɗin fanshon da ake cire masa a albashi zuwa hukumar INPS yana iya rabuwa gida biyu, katin asibitinsa ya ƙi karantuwa a kantin magani, banki ya tsayar da asusu har sai an daidaita. Maganin shi ne a je hukumar haraji da fasfo da takardar zama, a nemi a haɗe lambobin biyu a ƙarƙashin ta gaskiyar, sannan a bi INPS da banki da wurin aiki ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma matsalar 1 ga Janairu. Duk wanda ba a rubuta ranar haihuwarsa ba, wannan ranar ake cusa masa, ga sunayenmu masu kama da juna, ga lambar ƙasa guda ɗaya ga kowa. Sai mutum biyu su faɗa kan lamba ɗaya, abin da suke kira omocodia. Hukumar kan warware ta da musanya wata lamba da harafi, sifiri ya zama L, ɗaya ya zama M, haka har tara ya zama V. Saboda haka kada a dogara da shafukan intanet masu lissafa lambar; wadda hukuma ta buga a kati ita ce kaɗai ke aiki.

Gaskiya idan sunayen sun daidaita, hidimar tana da daɗi ƙwarai, ta fi tamu nesa ba kusa ba. Likita ya rubuta magani, ka miƙa kati a kowane kantin magani na yankin ya fito a allo. Katin shaida na lantarki kusan yuro 22 ne, ya iso gida ta gidan waya cikin 'yan kwanaki. Takardun shaidar zama da na iyali ana sauke su ta intanet. Sai dai duk wannan yana komawa ne kan allon ƙofar nan. Idan ka yi rajistar mazauni a ofishin ƙaramar hukuma, comune, cikin kwana 45 ɗan sandan gari zai zo ya tabbatar kana wurin, kuma sunanka yake nema a jikin ƙararrawa. Bai gani ba, yana iya rubuta ba a same ka ba, rajistar ta rushe, alhali da ita ake ƙirga shekara goman neman zama ɗan ƙasa. Mai kawo wasiƙa ma haka. A gida sai a ce gidan Alhaji wane bayan masallacin Juma'a, yaro ya raka ka. A nan in babu sunan gidanka a akwatin wasiƙa, takardar hukuma mai rajista ko ta koma nan take, ko ta kwana 30 a gidan waya sannan ta koma, doka kuma ta ɗauka ka karɓa. Gida mai mutum huɗu masu sunaye huɗu, dukkansu a rubuta.

Gyaran suna fa? Ɗan Italiya yana rubuta wa Prefettura, wato ofishin wakilin gwamnatin tsakiya a lardi, ya manna kan sarki na yuro 16, in an amince a kafe sanarwa kwana 30 ko akwai mai ƙorafi. Wanda sunansa abin kunya ne ko yana tona asirin haihuwarsa, ko kan sarkin ma ba ya biya. Baƙo ba shi da wannan ƙofar, don dokar ƙasarsa ake bi a kan sunansa. Dole ya fara gyara fasfo, ya karɓo takardar shaida daga ofishin jakadancin ƙasarsa cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, a buga mata hatimi a Prefettura, sannan ya sabunta takardar zama ta gidan waya: yuro 16 na kan sarki, 30 na aikawa, 30.46 na buga kati, ga jiran watanni kafin 'yan sanda su kira shi ɗaukar yatsa. Bayan nan ne zai je comune da hukumar haraji. Wanda ya fara daga ƙarshe, mayar da shi za a yi.

Masu shirin kawo iyali su kula da wannan. Matar Italiya ba ta canja sunan gida don ta yi aure, da na mahaifinta take a kowace takarda, wanda ya yi daidai da al'adarmu ta asali. Rikicin yana tasowa ne idan an yi wa amarya fasfo da sunan miji, takardar haihuwa kuma tana ɗauke da na uba. Gara a bar na uban a ko'ina. Takardun Nijeriya kuma sai an fassara su, ofishin jakadancin Italiya a can ya tantance su kafin a karɓa a nan, kuma harafi da harafi ake dubawa. Tun kafin a nemi biza a shimfiɗa fasfo da takardar haihuwa da ta aure da katin ɗan ƙasa a kan tabarma ɗaya a gwada su.

Ga haihuwa kuwa, dokarsu ta ba da zaɓi biyu: a yi rajista a asibiti cikin kwana uku, ko a comune cikin kwana goma. Na biyun ya yi wa mai son yanka rago ranar bakwai daidai, saura kwana uku a hannu. A wurin ne uba zai yanke shawarar da ba a saba da ita ba a gida: yaron zai ɗauki sunan yankan uba ne, yadda muke yi, ko sunan da ke fasfon uban. Na farkon yana jawo tambaya a makaranta da filin jirgi, don uba da ɗa ba sa amsa suna ɗaya. Su kansu 'yan ƙasar tsarinsu ya motsa, tunda a 2022 kotun tsarin mulki ta ce yaro zai ɗauki sunan uba da na uwa duka, sai in iyayen sun amince da ɗaya. Allunan ƙofa ma sun fara canja fuska: a garin Brescia sunan Indiyawa Singh ya shiga sahun gaba, a garin Prato kuma sunan 'yan China Chen.