Gargaɗi: duk shafin da ya ce sai ka sauke manhaja kafin bidiyo ya buɗe, ɓarawo ne

Jama'a a yi hattara, musamman masu kallon ƙwallo a shafukan kyauta ta kwamfuta, da masu shagunan tura fina-finai da ke kwana suna sauke kaya daga intanet. Damfarar nan tsohuwa ce, riga kawai take sauyawa, kuma har gobe tana cin mutane.

Ga yadda take zuwa. Saura kaɗan a take wasa, ka samu shafin da ya ce yana nunawa kai tsaye. Baƙin allo, da alamar kunnawa a tsakiya. Ka danna, ɗan da'irar nan ya yi ta juyawa, can sai akwati ya faɗo yana cewa manhajar kallon bidiyonka ta tsufa, ko wai akwai wani "codec" (wato ɗan shirin da ke buɗe fayil ɗin bidiyo ya zama hoto da sauti) da babu a kwamfutarka, danna nan ka gyara. Wani lokaci har da jan tambarin Adobe, ko mazugin nan mai ruwan lemo na manhajar kallon bidiyo ta VLC, an kwaikwaye shi tsaf. Kai kuma hankalinka yana kan wasa. Babu wani bidiyo a bayan akwatin nan. Hoton allo ne aka zana, kuma da gangan aka sa ya "ƙi buɗewa".

Idan sunan Flash Player ka gani, wato tsohuwar manhajar da a da ake kallon bidiyo da ita a intanet, magana ta ƙare. Kamfanin Adobe ya daina kula da Flash ranar 31 ga Disamba 2020, ya kuma toshe shi daga 12 ga Janairu 2021. Abin da mai shi ya binne, wa zai kawo maka sabonsa? YouTube ma tun 2015 ya koma kunna bidiyo da abin da ke cikin burauza kanta. Chrome, Firefox da Edge duk suna zuwa da kayan kallonsu, kuma su suke sabunta kansu. Shafin intanet ba shi da hurumin ce maka ka girka wani abu don ka yi kallo.

Kada a ɗauka ƙananan ɓarayi ne. Tun 2005 aka san ƙwayar cutar Zlob da ke shigowa da sunan codec. A Nuwamba 2011 hukumar FBI ta Amurka ta sanar da kama wasu 'yan ƙasar Estoniya shida da suka bi irin wannan hanya suka harbi kwamfuta kusan miliyan 4, suka tara kimanin dala miliyan 14 ta hanyar karkatar da mutane zuwa tallace-tallace. Masu kwamfutar Mac ta Apple da ke taƙama cuta ba ta kama su sun ji a jikinsu a 2012, lokacin da ƙwayar cutar Flashback, wadda ta fara yaɗuwa da sunan Flash, ta shiga na'urori wajen 600,000. A Oktoba 2017 kuma Bad Rabbit ta kulle fayilolin mutane a Rasha da Yukiren tana neman kuɗin fansa, ita ma da rigar "sabunta Flash" ta shigo.

Salon da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ya yi ƙarfi daga 2024, domin ba ya ma sa ka sauke fayil. Shafin zai ce bidiyo ko sauti ya samu matsala, ko ya ce ka tabbatar kai mutum ne, sai ya jero maka matakai uku: danna maɓallin Windows tare da R, danna Ctrl da V, sannan Enter. Kamar wasa. Abin da ba ka sani ba, tun lokacin da ka taɓa akwatin shafin ya riga ya kwafa wani dogon umarni ya ajiye, kai ne kuma za ka liƙa shi a ƙaramar tagar Run ka kunna da hannunka. Ɓarawo bai fasa ƙofa ba, mai gida ne ya buɗe masa har da sannu da zuwa. Ta nan ake shigo da irin su Lumma, mai kwashe kalmomin sirri da ka adana a burauza, da bayanan shiga Facebook da imel, da asusun kirifto. Microsoft ya ce tsakanin 16 ga Maris da 16 ga Mayu 2025 kaɗai ya gano kwamfutocin Windows sama da 394,000 da ta kama. Kuma kwamfutar ba za ta nuna alamar komai ba. Sai dai ka ji an fara roƙon kuɗi da sunanka.

To ta yaya mutum zai gane ko da gaske kwamfutarsa ce ke da matsala? Rufe shafin, buɗe YouTube, kunna kowane bidiyo. In ya yi, hoto da sauti lafiya, to kwamfutarka ƙalau take, shafin ne maƙaryaci. In yana tsayawa yana juyawa, duba data ko sabis. In fayil ne da ka sauke ya ƙi buɗewa, gwada shi a VLC, amma wanda ka ɗauko daga videolan.org da ka rubuta da hannunka, ba na tallan da ke saman sakamakon bincike ba. VLC kyauta ne, wata ƙungiya ce a Faransa ke kula da shi, kuma yana ɗauke da codec ɗinsa a ciki. Wanda ya sayar maka da shi ya cuce ka.

Gaskiya akwai lokacin da Windows da kanta take neman ƙarin codec, misali na HEVC ga bidiyon wasu wayoyi, amma Microsoft Store take kai ka, ba wani shafi mai tsalle-tsallen talla ba.

Masu shagon turawa, ku kunna nuna ƙarshen sunan fayil a kwamfutocinku, don Windows ɓoye shi take yi. Fim yana ƙarewa da mp4, mkv ko avi. In ka ga exe, msi ko scr a ƙarshe, ko fim ya zo a ƙulle da wata "manhajar buɗewa" a gefensa, goge shi. A waya kuma, wanda ya ƙare da apk shi ne abin gudu. Kwamfuta ɗaya a shago tana taɓa memori da filas na unguwa guda.

Wanda ya riga ya danna, ya cire intanet daga kwamfutar nan take. Ya ɗauki wata na'ura daban ya sauya kalmomin sirri, ya fara da imel, sannan ya fitar da duk na'urorin da ke cikin asusunsa, domin da bayanan da suka kwashe suna iya shiga ba tare da kalmar sirrin ba. In ana harkar banki a kanta, a kira banki. Kada a kira lambar da ta fito a allo da sunan masu gyara, su ne dai. A kwashe takardu da hotuna, a kai wa mai gyaran da aka sani ya sake zuba Windows daga farko.