Zaɓen batirin litiyam don ƙananan ayyukan hannu

Duk wanda yake haɗa fitilar caji, ko ƙaramar fanka, ko fawa bank da hannunsa, zai tarar da batura iri uku a kasuwa, kuma kowanne yana da aikin da ya fi dacewa da shi. Kafin a tambayi farashi, ya kamata a san yawan wutar da na'urar za ta ja da kuma wurin da batirin zai zauna, domin waɗannan biyun ne suke yanke hukunci.

Na farko shi ne dogon batirin nan mai lamba 18650, wanda faɗinsa milimita 18 ne, tsawonsa kuma 65. Yana ba da bolt 3.6 ko 3.7, yana cika a 4.2, kuma bai kamata a sha shi ƙasa da 2.5 ba. A nan ne algus ya fi yawa. Manyan kamfanonin da suka shahara da ƙera shi, wato Samsung da LG da Panasonic da Murata, mafi girman abin da suke fitarwa yana tsayawa ne a wajen mAh 3,500 (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), saboda haka duk batirin da aka rubuta wa 6,000 ko 9,900 a jikinsa ƙarya aka rubuta. Ma'auni yakan tona asirinsa, domin na gaskiya nauyinsa kusan giram 45 ne ko sama da haka, na jabu kuwa sau da yawa yakan gaza nesa. Ko a cikin na gaskiyar ma akwai zaɓi. Samsung 25R yana ɗaukar mAh 2,500 kacal amma yana jure jan amfiya 20 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ake ja a lokaci guda), shi kuwa LG MJ1 yana ɗaukar 3,500 amma iyakarsa amfiya 10. Injin huda ko wani abu mai mota yana buƙatar na farkon, fitila da rediyo kuma sun fi amfana da na biyun.

Na biyu shi ne LiPo, mai laushin jiki a cikin jakar leda. Ba shi da nauyi kuma yana sakin wuta da ƙarfi, shi ya sa masu ƙananan jirage marasa matuƙi suke son sa. Sai dai ƙusa ko faɗuwa na iya huda shi ya kama da wuta, yana buƙatar caja mai daidaita kowace ƙwaya da ke cikinsa, kuma idan za a ajiye shi kwanaki sai a bar kowace ƙwaya a bolt 3.8. Ban ga dalilin da mai koyo zai fara da shi ba.

Na uku, LiFePO4, shi ne nake ba da shawara a kansa ga duk abin da zai zauna wuri ɗaya. Ya fi sauran nauyi da girma, amma ya fi su jure zafi, da wuya ya yi gobara, kuma yana iya ɗaukar caji sau 2,000 ko fiye, alhali 18650 yakan fara rauni bayan ɗaruruwa. Ƙwaya ɗaya bolt 3.2 ce, huɗu a jere suna ba da 12.8, wanda ya yi daidai da kayan sola masu bolt 12. Juriyar zafin nan tana da muhimmanci a wurinmu, tun da ana so a yi cajin litiyam tsakanin digiri 0 da 45 ne, ga shi kuma a watan Afrilu zafin Sakkwato ko Maiduguri yakan haura 40 tun kafin a shiga shago mai rufin kwano. A lura cewa yana cika ne a bolt 3.65, don haka cajar 4.2 za ta lalata shi.

Batun na gwanjo da ake cirowa daga tsofaffin baturan kwamfuta yana buƙatar haƙuri. Ana samun masu kyau, amma sai an auna kowanne da mita, an watsar da wanda ya sauka ƙasa da bolt 2, ko ya yi tsatsa, ko yake ɗumama lokacin caji. Kada a gauraya tsoho da sabo a haɗi ɗaya.

Kuɗin batir bai cika ba sai an haɗa da na kariya. Ƙwaya ɗaya mai cika a bolt 4.2 tana buƙatar allon caji irin TP4056 mai ɗauke da kariya, haɗin jere kuma dole a sa masa BMS, wato allon da ke kula da caji da kariyar ƙwayoyin, wanda ya dace da yawan ƙwayoyin da irinsu, tare da fis. Gangar jikin 18650 gaba ɗaya ɓangaren ragi ce, wato mai alamar (-), don haka idan ledarsa ta yage kusa da kansa mai alamar (+), ƙarfe ɗan ƙarami ya isa ya haɗa wutar. Kada a sa shi a aljihu da makulli ko tsabar kuɗi. Liƙi da dalma kai tsaye yana dafa cikinsa, gara waldar ɗigo da zaren nikel ko kuma gidan batir na roba. A yi caji a kan siminti, nesa da katifa da labule, ana kusa ana dubawa, kuma kada a kwanta barci a bar shi a jone. Wanda ya kumbura ko ya fara wari a fitar da shi waje a sa a bokitin yashi, kuma kada a jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta.