PVC, XLPE ko wayar sola: wace roba ce za ta jure zafin rufinka?

Yawancin masu sayen wayar wuta kaurin jan ƙarfe kawai suke tambaya: a ba ni 2.5 ta soket, 1.5 ta ƙwai, a biya a tafi. Robar da ta lulluɓe ƙarfen ba a ko kallonta, alhali ita ce ke fara lalacewa, kuma ita kaɗai ta raba wuta da katakon rufi.

PVC ce ta cika kasuwa, ga araha, ga daɗin ja cikin fayif. Asalinta roba ce mai tauri irin ta fayif ɗin ruwa, wani mai ake haɗa mata da shi ta yi laushi. Zafi na korar man nan sannu a hankali, shi ya sa tsohuwar waya ke bushewa, da an lanƙwasa ta sai ta tsage. Iyakar zafin aikinta digiri 70 ne. Ita kuwa XLPE, tun a masana'anta ake ɗaure ƙwayoyin robar da juna, don haka zafi ba ya sa ta kwarara. Tana aiki a digiri 90, idan wuta ta haɗu kuma ta jure 250 na 'yan daƙiƙoƙi, inda PVC ke tsayawa a 160.

Ƙarfin da ake rubuta wa waya, da iska mai digiri 30 aka yi lissafinsa. Wane silin ne ke digiri 30 a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, ga kwano a sama? A digiri 50, PVC kashi 71 cikin ɗari na lodinta kawai take iya ɗauka, XLPE kashi 82. Saboda haka layin da ya bi ta cikin silin zuwa na'urar sanyaya ɗaki ko hita, ko dai ka ƙara masa kauri ko ka koma XLPE. Wayar ƙwai da fanka da ke cikin bango kuwa, PVC mai kyau ta wadatar, kada wani ya sa ka ɓarnar kuɗi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ganin wayar cikin gida a kan rufi, an haɗa faifan sola da ita. Hasken rana na cin PVC ta gida. Nemi wadda aka buga wa H1Z2Z2-K a jiki: robarta ɗaurarriya ce mai jure rana, ƙarfenta an shafe shi da kuza saboda tsatsa, kuma an yi ta don wutar sola har bolt 1,500. Ta fi tsada, amma shekara 25 aka auna mata.

Janareta da injin walda, da ake jan wayarsu a ƙasa, baƙar roba mai laushi ta dace da su. Asibiti da makarantar kwana kuma su duba LSZH, wato waya mai robar da ba ta fitar da hayaƙi da yawa in ta ƙone, domin PVC in ta kama wuta baƙin hayaƙi mai guba take fitarwa.

Kafin ka biya, duba sunan kamfani da kaurin wayar a jikin robar, da tambarin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya. Sa a yanko maka guntu ka kankare ƙarfen da wuƙa. In fari ya bayyana a ciki, alminiyam ne aka yi wa rigar jan ƙarfe, kuma ba zai iya ɗaukar yawan wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya da shi ke ɗauka ba. Sannan ka lanƙwasa robar sosai, wadda ta yi fari ko ta tsage a wurin, bar masa kayansa.