Na sa wa Corolla ta taya 205/65R15, ga yadda na same ta

Corolla ta 2010 da nake hawa ta zo da taya 195/65R15. Da tayoyin suka suɗe, sai na ɗauki shawarar da direbobin haya suka daɗe suna ba ni, na ƙara girma kaɗan zuwa 205/65R15 a kan rim ɗin da ta zo da shi. Damina guda ta wuce ina hawa, har da tafiye-tafiye tsakanin Kano da Katsina, kuma ban yi nadama ba. Sai dai amfanin da na samu ba shi ne wanda aka yi ta yi mini talla ba.

Abin da kowa ke cewa shi ne mota za ta ɗaga sama ta daina bugun ƙasa. Lissafi bai goyi bayan wannan ba sosai. Lambar 205 faɗin taya ce a milimita, 65 kuma tsayin gefenta ne, wato kashi 65 cikin ɗari na faɗin, 15 girman rim a inci. Tsohuwar tayar tsayinta gaba ɗaya milimita 634 ne da ɗoriya, sabuwar 647 da ɗoriya. Rabin wannan bambancin ne kawai ke ɗaga mota, milimita shida da rabi ke nan. Tudun rage gudun da ke gogar ƙasan motata a unguwarmu har yau yana gogarta idan na ɗauki mutum huɗu.

Inda na ji canji na gaske shi ne cikin ramuka. Ƙarin naman gefen taya yana shanye duka, ƙarar da ke tasowa daga shokozoba ta ragu, rim ma bai sake lanƙwasa ba. Ga kuma ƙarfin ɗaukar kaya: tsohuwar tana da lamba 91, wato kilo 615 kowace taya, sabuwar 94, kilo 670. Mai iyali da ke cika but da buhun hatsi idan ya je gida ya san darajar wannan.

Akwai abin da na biya a madadinsa. Sitiyari ya ɗan yi nauyi wajen fakin, tashin mota daga tsaye ya ɗan yi sanyi, mai ma tana ɗan ƙara sha a cikin gari. Agogon gudu kuma yanzu yana nuna ƙasa da ainihin gudun mota da kusan kashi biyu cikin ɗari, domin taya mai girma tana cin ƙasa da yawa a kowane juyi. Bambancin ƙarami ne, amma gara direba ya sani.

A shagon da na saya, mai tayar ya so in hau 205/70R15. "Alhaji, wannan ce ta hanyarmu, ko rami ba za ka ji ba," in ji shi. Na ce masa a'a, Malam, ka bar ni a nan. Waccan ta zarce asali da fiye da kashi biyar cikin ɗari, alhali ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada a wuce uku. Na ga irinta a motar wani maƙwabcina, tana gogar robar ciki duk lokacin da ya karya sitiyari zuwa ƙarshe.

Aikin shagon ya yi kyau, sun yi balansin duk huɗun, sun bar ni na duba lambar DOT da ke rubuce a gefen taya da kaina. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera taya, kuma jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC na duba su a hanya. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne iska. Yaron shagon ya ɗura fiye da PSI 40 a ma'aunin iska, sai da na nuna masa takardar da ke manne a jikin ƙofar direba kafin ya sauke. Da wannan iskar ga zafin kwaltar watan Afrilu, duk laushin da na biya kuɗi dominsa da ya tafi.

Wanda zai yi irin wannan canji ya sauya huɗun a lokaci guda, ya kuma tuna da safaya, don taya biyu masu bambancin tsayi a gaba suna iya rikita ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki.